Wutar da Ta Daina Ƙyaftawa

Saura ƙiris Tasalla ta fasa rubuta takardar nan. Sau uku tana ɗaukar biro tana ajiyewa, ga Natsau a gabanta tana ta aiki, babu ruwanta da kowa.

Natsau na'ura ce doguwa, fara sol, ta cinye rabin ɗakin. Ta bakinta na dama ake saka mata zaren tsohon fim, ta riƙa zuƙe shi a hankali. Ta hagu kuma wani farin gari ke zuba cikin bokiti, shi ne abin da ya rage na zaren. Ba ta karanta zare sau biyu, don hasken da take leƙa cikinsa da shi yana da zafin da ke mayar da shi gari. Amma hoton sai ya fito a allon bango tas, ba rawa, ba ƙyaftawa, kamar da safen nan aka ɗauke shi.

Aikin Tasalla a Gidan Adana Majigi na birnin Tudun Haske ƙarami ne. Ta fiddo zare daga gwangwaninsa, ta goge shi da tsumma mai laushi, ta duba shi a ɗan majigin hannu ko akwai inda ya yage, ta miƙa wa Natsau, ta zubar da garin. A aji huɗu ta bar makaranta, shekarar da idon mahaifinta ya fara tafiya. Shekararta uku a gidan, amma ko masu gadi ba su san muryarta sosai ba. In an gaishe ta, yatsun ƙafarta take kallo ta amsa.

"Ke 'yar toka, takardar nan fa ba za ta rubuta kanta ba," in ji Gwaggo Raisha, mai liƙa wa gwangwanaye lamba a teburin kusa da nata. Buzuwa ce, ta manyanta, kuma tun ranar da ta ji Tasalla 'yar maƙera ce ta samu abokiyar wasa. "Kakanninki sun daki ƙarfe ya yi laushi, ke biro ya gagare ki?"

"Gwaggo, rubutuna ba shi da kyau."

"Wa ya ce miki gasar kyau za a kai shi? Rubuta. In sun kore ki, ki zo gidana ki riƙa ƙera mini cokula. Dama aikinku ne."

Tasalla ta yi ɗan murmushi, ta sake ɗaga kai ta dubi jadawalin da ke bango. A layin ranar Alhamis an rubuta: zare na ɗari bakwai da sha biyu, Narkar da Tama. Yau Litinin.

Duk tsohon fim yana ƙyaftawa, kuma da dalili. Fim ba hoto mai motsi ba ne, hotuna ne tsayayyu a jere, ashirin da huɗu a kowane sakan. Kafin majigi ya jawo hoto na gaba sai ya rufe idonsa, sai ɗan duhu ya gilma. In kuma da fitilar lantarki aka ɗauki fim ɗin, ita ma fitilar tana da nata bugun, in bai zo daidai da na kyamara ba sai wani hoto ya fi wani haske. Tsufa kuma ya zo ya ƙara nasa. Abin da Natsau ke yi shi ne ta auna kowane hoto da na gabansa da na bayansa. Wanda ya cika haske ta rage masa, wanda ya yi duhu ta ƙara masa, giɓin da ke tsakani ta cike shi da hotunan da ta ƙirƙira da kanta, har su kai ɗari biyu a sakan. Sai fim ya riƙa tafiya kamar ruwa a kan sumunti.

Ba ado ne ya kawo wannan ba, doka ce. Tun shekarar da allunan talla na kan titi suka riƙa kayar da mutane da farfaɗiya aka kafa Dokar Haske a Tudun Haske. Ba a nuna wa jama'a haske mai ƙyaftawa, ba a kuma kunna wuta mai harshe a cikin birni. Girki na lantarki ne, ƙira ta koma hannun inji. Waɗanda aka haifa bayan dokar ko ashana ba su taɓa gani ba.

Tasalla ce ta ƙarshe da ke ganin kowane fim yadda aka ɗauke shi, a ɗan majigin hannunta, ita ce kuma ta farko da ke ganinsa bayan ya fito. Shi ya sa ita kaɗai ta lura. Makonni uku da suka wuce aka saka fim ɗin wata kasuwar ƙauye. A majiginta ta ga wutar mai tsire tana tsalle, tana lanƙwashewa, tana lasar nama. A allon Natsau sai ta ga wutar ta tsaya cak, ja wur, kamar an zana ta da fenti a bango. Mai tsiren yana ta fifita, wutar ko gezau. Natsau ba ta san bambancin ƙyaftawar da tsufa ya kawo da wadda Allah ya halicci wuta da ita ba.

Zare na ɗari bakwai da sha biyu kuwa kusan dukansa wuta ne. Kuma wutar ta mahaifinta ce.

Shekara sittin da suka wuce wasu masu bincike suka je ƙauyensu, Gidan Tama, wanda yanzu tashar jirgin ƙasa ta hau kansa. Suka roƙi tsofaffin maƙera su gina tanderu su narkar da tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, sau ɗaya na ƙarshe, don a ɗauka. Shugaban masu binciken ya ƙi yarda da kyamarar zamani, ya ce zare ya fi daɗewa. Nomau, mahaifin Tasalla, yana saurayi ɗan shekara ashirin a lokacin, shi tsofaffin suka zaɓa ya riƙe zuga-zugi. A cikin fim ɗin ba a ganin fuskarsa, ko hannunsa ba a gani, tanderun ya kare shi. Abin da ake gani kawai harshen wutar da ke fita ta bakin tanderu, yana tashi yana faɗuwa da kowace zuga.

Jiya da la'asar suna zaune a barandar ɗakinsu, a hawa na talatin da ɗaya, yana ta shafa katin gayyatar da aka aiko masa. Ranar Lahadi za a nuna fim ɗin a Babban Zaure, kuma shi ne babban baƙo.

"Zugar tama ba zugar ƙira ba ce, Auta," ya ce mata. Haka yake kiranta, don da furfurarsa ya haife ta. "Ba ƙarfi ba ne, kiɗa ne. Da farko ka ba ta biyu-biyu har ta yi ja. In ta fara fari ka koma uku da hutu. In ka ga harshen ya yi shuɗi yana ƙyafta ido, ƙarfe ya sauka ke nan. Tsoho ba ya duba hannun mai zuga, wutar yake duba. Daga nesa zai ce maka wane ne ke zuga, wane kuma ya gaji."

"In wutar ta tsaya fa, Baba? Ta daina ƙyaftawa?"

"Ta tsaya?" Ya yi dariya har da tari. "Ai mai zuga ya yi barci ke nan, ko ya gudu. Abin kunya ne da ake bin mutum da shi har jikoki. Akwai wani Ɗanjuma a garinmu, sau ɗaya tak wutarsa ta tsaya, har ya koma ga Allah Ɗanjuma Mai Barci ake ce masa. Matarsa ma in ta yi fushi haka take kiransa." Ya taɓa idonsa da yatsa. "Ni yanzu fuska ba na gani. Ke kanki inuwa ce. Amma ina rarrabe haske da duhu. Ki zaunar da ni a gaba. Ba na bukatar komai, ƙyaftawar nan kawai zan gani, in san ni ne."

Ba ta iya gaya masa ba. Ta tashi ta ce za ta duba tuwo.

A Gidan Adana Majigi ba a sauraren ƙorafin baki, sai a rubuce, da hannu, da suna. Tasalla ta ɗauki biro karo na huɗu, ta danne takardar da gwiwar hannu don kada Gwaggo ta leƙa, ta rubuta:

"Zuwa ga Injiniya. Ina gaisuwa. Ni ce Tasalla mai goge zare. Don Allah kada a saka zare na 712 a cikin Natsau. Natsau tana kashe wuta. Wutar cikin zaren nan ba lalacewa ta yi ba, haka take. Babana ne yake zuga ta. In an gyara ta an ɓata ta. A yi haƙuri da rubutuna."

Gwaggo Raisha ta fizge takardar ta karanta, ta jinjina kai.

"Ashe maƙera ma suna da kai. Tashi ki kai, kafin tsoro ya dawo."

Washegari aka kira ta ofishin Injiniya Mudassir, mutumin da ya ƙera Natsau. Siriri ne, mai sanyin magana, gashin kansa ya fara fari tun bai tsufa ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi. Ya nuna mata kujera, ta zauna a gefen bakinta kamar kujerar na da zafi.

"Na karanta takardarki, Malama Tasalla. Shekara uku kina aiki da na'urata, ban taɓa jin ta bakinki ba." Ya yi murmushi. "Kin ce tana kashe wuta. Na gwada ta a kan wuta tun kafin ki zo gidan nan. Cikin ɗari, sau casa'in da takwas tana bambance wuta da lalacewar zare."

"Ranka ya daɗe, mai tsire," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Wane mai tsire?"

Ta faɗi lambar fim ɗin. Ya kira shi a allon teburinsa, ya kalla. Ya sake kalla. Murmushin ya tafi.

"Wannan yana cikin biyun da suka rage," ya ce. Ya cire tabarau ya murza ido. "Bari in gaya miki wani abu. Ina da ƙanwa, Balaraba. Tana shekara goma sha ɗaya na kai ta kallon majigi, ni na matsa a bar ta ta zo. Fim ɗin ya riƙa ƙyaftawa, ta faɗi tana shure-shure, kanta ya bugi matakala. Yau shekararta arba'in, ba ta ƙara magana ba. Shekara goma sha tara na yi ina gina Natsau don kada wani yaro ya ƙara faɗuwa saboda haske. Tun da aka fara aiki da ita ko mutum ɗaya bai faɗi a zauren majigi ba. Ko ɗaya."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji Tasalla. Sannan ta ce, "Ba za ta iya karantawa kawai ba, ba tare da ta gyara ba?"

"Za ta iya, amma ajiye fim mai ƙyaftawa sai da sa hannun kwamitin doka, su kuwa sai ƙarshen wata za su zauna. An riga an raba katin Lahadi, Magajin Birni zai zo." Ya mayar da tabaransa. "Ga abin da zan yi miki. Ranar Alhamis zan sauko da kaina in rage mata ƙarfi. Za ta goge tabon tsufa, ta bar wa babanki wutarsa. Kin yarda?"

Ta so ta ce a jira ƙarshen wata. Maganar ta zo har bakinta. Amma ya riga ya miƙe tsaye yana mata murmushi, mutum ne babba kuma ya yi mata alheri, sai ta ji kanta tana cewa, "Na gode, ranka ya daɗe."

Ranar Laraba ta goge zaren. Ta ɗora shi a majigin hannu, ta kafa ido a 'yar tagarsa wadda ba ta kai tafin hannu ba, ta riƙa juyawa. Ga tanderu na jar ƙasa, ya fi tsayin mutum. Ga tsofaffi tsugune, ba wanda ke duban kowa, duk wutar suke duba. Harshen yana tashi, yana faɗuwa, biyu-biyu, kamar numfashin mai gudu. Can sai ya yi fari, ya canza taku. Wani tsoho ya ɗaga hannu yana nuna wutar, bakinsa na dariya, sauran suka gyaɗa kai. Tasalla ta tsayar da juyawa. Ba ta taɓa ganin mahaifinta yana saurayi ba, sai yau.

Ta fiddo wayarta ta kara a 'yar tagar ta ɗauka. Da ta duba, wutar a tsaye take. Duk wata kyamara a Tudun Haske akwai ƙaramar Natsau a cikinta.

"Ki cusa shi a hijabi mu tafi," in ji Gwaggo Raisha.

"Na'urar tsaron ƙofa za ta yi ihu, Gwaggo. Kuma Injiniya ya yi alkawari."

"Alkawarin mai tabarau," in ji Gwaggo, ta ci gaba da liƙa lamba.

Injiniya Mudassir ya cika alkawari. Ranar Alhamis da hantsi ya sauko da kansa, ya buɗe allon Natsau, ya ja ma'aunin gyara ƙasa har ƙarshe. Ya ce, "Bismillah." Tasalla ta saka kan zaren a bakin na'urar da hannunta. Farin gari ya fara zuba.

Da farko komai ya tafi daidai. Wutar ta fito a bango tana tashi tana faɗuwa biyu-biyu, tabon tsufa ya tafi, jan ya fito kamar jini. Gwaggo Raisha ta ajiye aikinta ta zo ta tsaya. Injiniya ya dubi Tasalla ya ɗaga gira, ita kuma ta rufe baki da gefen hijabi don murna.

Sai wutar ta yi fari, ta koma uku da hutu. Wata 'yar fitila shuɗiya ta kama a goshin Natsau. Ma'aunin da Injiniya ya ja ƙasa ya hau sama da kansa. A bango harshen wutar ya yi tsalle ɗaya, ya tsaya. Ba nan kawai ba, Natsau ta koma baya cikin abin da ta riga ta karanta ta daidaita shi da sauran, don ba ta barin fim rabi da rabi.

"Ranka ya daɗe!" Tasalla ba ta san tana da murya haka ba. "Tsayar da ita!"

Ya ja ma'aunin, ya koma. Ya sake ja, ya koma. Yatsunsa suka riƙa gudu a kan allon, zufa ta keto masa.

"Makullin kariya ne," ya ce. "Duk hasken da ya ƙyafta sau uku a sakan, shi ne mai kayar da mutane. In ta gan shi ba ta tambayar kowa."

"To buɗe makullin mana, bawan Allah!" in ji Gwaggo Raisha. "Ba kai ka haife ta ba?"

"Ni na sa shi." Ya sauke hannunsa. "Na sa shi yadda ba wanda zai iya buɗewa, ko an ba shi umarni, ko an roƙe shi. Ko ni. Na manta bugun zuga zai kai can."

"A kashe ta gaba ɗaya," in ji Tasalla.

"In aka kashe ta da zare a ciki, zafin zai cinye sauran a banza. Ba hoto, ba zare."

Suka tsaya su uku suna kallo har zaren ya ƙare. Minti goma sha takwas. Tsofaffin suna tsugune gaban wata wuta mai kyau, santala, wadda ba ta motsi. Tsohon nan ya ɗaga hannu yana nuna ta yana dariya, ba a san abin da yake wa dariya ba. Da wutsiyar zaren ta shige, Injiniya ya juya ya fita. Tasalla ta ɗauki bokitin ta kai inda ake zubarwa, don aikinta ne.

Kwana uku tana neman bakin da za ta gaya wa mahaifinta, ba ta samu ba. Shi kuwa ya sa ta wanke masa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, ya sa ta kira wanzami ya gyara masa gemu. Duk maƙwabcin da ya leƙo sai ya ce masa, "Lahadi ka zo ka ga zuga."

Ranar Lahadi bayan azahar Babban Zaure ya cika maƙil. Aka zaunar da Malam Nomau a layin gaba, kusa da Magajin Birni, Tasalla a gefensa. Aka rage fitilu, allon ya kama. Jama'a suka yi ajiyar zuciya gaba ɗaya, don yawancinsu ba su taɓa ganin wuta ba, ga ta kuma ƙatuwa, ta kai tsayin bene, ja da ruwan zinare.

Tsohon ya miƙa wuya gaba, ya buɗe idanunsa iyakar buɗewa. Hannayensa a kan gwiwa, a shirye. Minti ɗaya ya wuce. Biyu.

"Auta, an fara?"

"An fara, Baba."

"Ina wutar?"

"Ga ta nan a tsakiya."

Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai fitila ce," ya ce a hankali. "Su matsar da ita mu ga wutar."

Ya juyo da fuskarsa wajenta, ya lalubo hannunta, ya ji yana rawa. Sai ya saki hannun, ya jingina da kujera. Bai ƙara tambaya ba.

A bayansu wani matashi mai karatun tarihi yana raɗa wa abokinsa, "Ka gani? Ashe abin ba wuya. Wutar ita ke cin kanta, su dai zama kawai suke yi." A allo tsofaffin suka fasa gindin tanderu, suka jawo curin ƙarfe yana tartsatsi, daga cikin wutar da ba wanda ya zuga. Zauren ya ɗauki tafi.

Aka kunna fitilu. Mai gabatarwa ya ce, "Jama'a, mai zugar wutar nan da ba ku gani ba, yana cikinmu. Malam Nomau na Gidan Tama!" Aka kama tsohon aka miƙar, aka kara masa abin magana a baki.

"Ba ni ba ne," ya ce.

Aka yi dariya.

"Na ce ba ni ba ne. Wutata ba ta taɓa tsayawa ba. Ku tambayi..." Ya tsaya. Babu wanda za a tambaya, duk sun mutu. "Ban yi barci ba. Wallahi ban yi barci ba."

Dariyar ta ƙaru, tafin ya fi na farko. Magajin Birni ya dafa kafaɗarsa yana cewa irin tawali'un mutanen da ke nan, yanzu babu irinsu. Aka rataya masa lambar yabo a wuya, aka ɗauki hoto.

A bakin ƙofa Injiniya Mudassir ya tare su. Ya tsuguna har ƙasa a gaban tsohon, da rigarsa mai tsada.

"Baba, ni ne na ƙera na'urar. Ka yafe mini."

"Kai ne mai fitilar?" Tsohon ya lalubi kansa ya dafa. "Ta yi kyau, yaro. Ba ta cutar da ido."

Ya ja hannun Tasalla suka wuce. Suka hau jirgin ƙasa. Da suka isa gida ya cire lambar yabon ya miƙa mata ya ce ta ba 'ya'yan maƙwabta su yi wasa. Tuwon da ta kawo masa ko taɓawa bai yi ba.

Da gari ya waye, rana ta fara leƙowa ta tsakanin benaye, Tasalla ta ɗauko matasan kai biyu ta ajiye a ƙasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta zauna a tsakaninsu. Ba ta kalli yatsun ƙafarta ba.

"Baba, sauko ka koya mini."

"Me?"

"Zuga."

"Mace ba ta zuga tama, Auta."

"Wane namiji ya rage?"

Can ya zamo daga bakin gado a hankali, ya zauna a bayanta, ya ɗora tafukansa a kan bayan hannayenta. Suna da sanyi, ba nauyi. Ya danna dama, ya danna hagu. Biyu-biyu ta zo ba gardama, matasan suna fitar da 'yar iska, har ta ji numfashinsa ya fara bin takun.

"Yawwa. Ta yi ja. Yanzu ta fara fari, sai mu koma..."

Ya danna dama, dama, hagu. Ya tsaya.

"A'a. Ba haka ba ne."

Hagu, dama, hagu, ya huta. Ya girgiza kai. Ya sake. Ya sake. Sau bakwai yana farawa, kowane karo hutun na faɗawa wani wuri daban. Daga ƙarshe hannayensa suka kwanta a kan nata, ba motsi.

"Kiɗan ya tafi," ya ce. "Shekara sittin ban taɓa zuga-zugi ba. Ban damu in riƙe ba, Auta. Cewa na yi ai an ajiye mini a cikin zare."

Ta zauna a haka har hannayensa suka yi ɗumi. Sannan ta taimaka masa ya koma gado, ta ɗumama masa kunu a murhun lantarki, ta kama jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai.

Zare arba'in ke jiranta a wurin aiki. Na farko ruwan farkon damina ne a wani ƙauye da ba a rubuta sunansa ba, mata na gudu da tukwane, walƙiya na tsaga sama. Ta kalle shi a majigin hannu sau biyu, a hankali, har idonta ya yi ruwa. Sannan ta goge shi tas, ta miƙa wa Natsau.